Gyaran da mai kimanta gida ya rubuta, dole ne?

Ɗan'uwa, ka ce za ka sayi gida a Amurka da rancen FHA (rancen sayen gida da hukumar gwamnati mai suna FHA ke tsaya wa), mai kimantawa ya rubuta gyare-gyare. Banda faɗin kuɗin gidan, yana duba sharuɗɗan lafiya da aminci na HUD, ma'aikatar gidaje ta Amurka: rufi mai yoyo, wayar wuta a fili, ko fenti mai ɓarewa a gidan da aka gina kafin 1978, saboda gubar dalma. Shi rubutawa kawai yake, banki ne ke yanke hukunci, kuma galibi sai an sake dubawa kafin kuɗi su fita. Kada ka ɗauka ya bincika komai, nemi naka mai duba gini. In mai gidan ya ƙi gyarawa, tambayi banki game da rancen 203(k), wani rancen FHA da ke haɗa kuɗin sayen gida da na gyara.