Notre-Dame ko Sainte-Chapelle?

Ɗan'uwa, ka ce rabin yini gare ka a Faris, wacce za ka shiga cikin majami'un nan biyu? In rana ta fito, Sainte-Chapelle zan zaɓa maka. Sarki Louis na 9 ne ya gina ta, aka buɗe a 1248. Ƙarama ce, amma da ka haura matsattsen benen, sai ga tagogi 15 na gilashi mai launi, hasken ja da shuɗi na zuba har a tafin hannunka. Sayi tikiti ta intanet, ka kuma sammako, don tana cikin harabar kotu, akwai layin bincike.

Notre-Dame kuwa kyauta ce, an sake buɗe ta a Disamba 2024 bayan gobarar 2019. Kusa take, ka taka ka ga ko da gabanta.