Hukuncin Toshe Talla a Shafukan Bidiyo Bayan Masu Shafin Sun Hana

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni tela ne, kusan kullum ina kunna tafsiri da karatun Alƙur'ani a wani shafin bidiyo ina ɗinki, yaran shagona suna saurara. Ana tsakiyar aya sai talla ya katse, wani lokaci na cacar ƙwallo, wani lokaci mata babu suturar kirki. Ƙanena ya sa mini manhajar toshe talla, na huta, har datata ta rage saurin ƙarewa. Yanzu shafin yana fito da sanarwa wai sai na kashe manhajar ko na riƙa biyan kuɗin wata. Ƙanen nawa ya ce akwai dabarar da zai yi shafin ba zai gane ba. In bar shi ya yi, ko na shiga haƙƙin mutane?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ɗan'uwa, ya ƙara maka tsoronsa.

Ita manhajar a karan kanta halal ce. Asalin abubuwa halacci ne sai dalili ya haramta, kuma wayar taka ce, datar da kuɗinka ka saya. A intanet akwai tallan da ke ɗauke da cutar kwamfuta da tarkon 'yan damfara, har hukumar FBI ta Amurka ta shawarci jama'a a watan Disamba na 2022 su riƙa sa irin wannan manhaja idan suna bincike. Duk shafin da bai gindaya maka sharaɗi ba, toshe tallansa babu laifi. Haka kuma danna maɓallin tsallakewa, ko kashe sauti, ko kifa wayar har tallan ya wuce, duk haƙƙinka ne, babu mai iko da idonka.

Wahalar tana inda mai shafi ya buɗe baki ya ce bai yarda ba. Ba ka ambaci sunan shafin ba, amma wanda ya fi shahara da haka shi ne YouTube, mallakar Google tun 2006. A shekarar 2023 ya tsaurara, ya riƙa nuna wa masu toshe talla sanarwa cewa abin ya saɓa sharuɗɗansa, wasu ma bayan bidiyo uku a rufe musu kallo. Tsarinsu kuma a fili yake: ko ka bar talla ya fito ka kalla kyauta, ko ka biya kuɗin Premium a ɗauke maka shi. Daga kuɗin tallan da aka sa a dogon bidiyo, mai tashar da ya shiga tsarin rabon yana samun kashi 55 cikin 100. Cikin masu tashoshin nan akwai yaran da ke bin malamai majalisi-majalisi da kyamara, su sayi man janareta, su kwana suna tace karatu don ya iso shagonka.

To a nan Allah Maɗaukaki yana cewa a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura." Annabi (SAW) kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Wani zai ce ai ban zauna da kowa mun yi ciniki ba, dannawa kawai na yi. Malamai sun duba irin wannan yarjejeniya da ɓangare ɗaya ke tsarawa, ɗayan ya karɓa ko ya bari, kamar ta wutar lantarki da layin waya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Doha a 2003, ta tafi a kan cewa tana ƙulluwa kuma wajibi ne a cika ta matuƙar babu zalunci a farashinta ko sharuɗɗanta. Kai kuwa sanarwar ta riga ta fito a gabanka, ka karanta, ba ka da uzurin rashin sani.

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin matasa, tana damuna ƙwarai: wai kamfanin na waɗanda ba Musulmi ba ne, kuma kuɗi ya yi musu yawa. Su je su karanta ƙissar Huzaifa ɗan Yaman a Sahihu Muslim. Ƙuraishawa sun tare shi da mahaifinsa a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da Badar ta zo, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, ana buƙatar kowane mutum, Annabi (SAW) ya ce wa Huzaifa da mahaifinsa: ku koma, za mu cika wa Ƙuraishawa alƙawarinsu, mu nemi taimakon Allah a kansu. Idan an cika wa maƙiyi mai takobi alƙawari a irin wannan rana, arzikin kamfani ko addinin masu shi ba zai zama hujjar saɓa masa ba.

Saboda haka wanda ba komai ke damunsa ba sai gajen haƙuri, tallan sabulu ko na taliya ne ba ya son jira, bai halatta ya yi wa shafin dabara bayan an hana shi ba. Ba zan kira shi ɓarawo ba, don bai ɗauki dukiya daga ma'ajiyarta ba. Amma ya ci moriya ya ƙi cika sharaɗi, kuma ɓoye manhajar don kada a gane yana da kama da algus.

Halinka kai daban ne, domin sharaɗin bai hau kanka a tallan caca da tsiraici da na bashi da ruwa ba. Allah ya umarci muminai maza da mata su runtse ganinsu a aya ta 30 da 31 ta Suratun Nur, kuma da Jarir ɗan Abdullahi ya tambayi Annabi (SAW) game da kallon ba-zata, cewa ya yi ya kawar da kansa. Ba a yi wa abin halitta ɗa'a a saɓa wa Mahalicci. Ga kuma yaran shagonka, amana ce iyayensu suka ba ka. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana kan keken ɗinki, a nuna masa sau biyar a yini cewa da naira ɗari zai iya cin dubbai, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai manhajar ba ta bambance talla mai kyau da maras kyau, duka take sharewa, don haka ba da ita za ka fara ba.

Ka fara da ƙofofin da aka bar maka a buɗe. Google na da wurin saita talla a asusunka mai suna My Ad Center, inda za ka rage tallan caca da giya da na neman abokan soyayya, kuma kana iya toshe kowane talla ɗaya-ɗaya ka kai ƙararsa. Ƙanenka da ya iya waccan dabara zai iya wannan cikin minti biyar. Tunda kuma sauraro kake yi, hannunka da idonka na kan allura, karatun malamai da yawa yana nan a sauti, ɗalibansu na raba shi kyauta a Telegram da WhatsApp da katin memori, babu talla, kuma ya fi sauƙin data nesa ba kusa ba. Wannan na fi so maka. Idan kana da hali ka biya kuɗin wata, ya halatta, kuma masu tashoshin da kake kallo suna samun rabonsu daga ciki, amma ban wajabta maka ba, kada ka taɓa kuɗin cefane saboda shi.

Idan ka gwada waɗannan, munanan tallace-tallacen ba su daina ba, karatun da kake buƙata kuma babu shi a wani wuri, to abin da ya rinjaya a wurina shi ne ka yi amfani da manhajar gwargwadon buƙatar, don kare addininka da tarbiyyar yaran, domin kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani. Rangwamen ya tsaya a karatu da abin da ya zama dole, ba ya miƙewa zuwa kallon nishaɗi. Kuma tashar da ka fi amfana da ita, ka nemi hanyar aika musu wani abu lokaci-lokaci, ko da kuɗin data ne, a madadin abin da ya kuɓuce musu ta dalilinka.

Wallahu a'alam.