Tambaya da Amsa: Mun kai kukan ambaliya, an ba mu labarin dashen itace

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin masarautar Daura, kuma ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu. Damina biyu ke nan a jere ruwa yana shigo mana gidaje. Bara cikin watan Agusta katangar maƙwabcina ta faɗi da tsakar dare, Allah ya taimaka yaran suna ɗaya ɗakin. Mun je wurin kansilanmu, ya ce maganar sauyin yanayi ta Abuja ce, ba huruminsa ba ne. Muka wuce sakatariya, aka ce mana ai akwai shiri, har an dasa dubban itatuwa. Ga damina ta ƙarato, hankalinmu a tashe yake. Shin kansiloli suna da ikon bin diddigin irin wannan shiri? In suna da shi, me za mu ce su duba?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba, ya raya mana yaran. Kuna da gaskiyar tayar da hankali. Katangar ƙasa ba a ruwan farko take faɗuwa ba, gindinta ne ke shan ruwa kwana da kwanaki, sai ta zube lokacin da kowa ya yi barci. Gidan da ruwa ya kwana a gindinsa damina biyu, ta uku ba abin wasa ba ce.

Tambayarka ta farko amsarta gajera ce: suna da iko. Kansilanku rabin gaskiya ya faɗa muku, ya sa sauran a aljihu. Lallai dokar sauyin yanayi da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta tarayya ce, majalisar da ta kafa kuma a Abuja take zama, ko da yake ko a can ɗin an ajiye wa shugaban ALGON, ƙungiyar ƙananan hukumomi ta ƙasa, kujerarsa. Amma abin da ya shigo muku ɗaki ruwa ne, kuma ta toshasshen kwalbati ya biyo. Ka ce wa kansila ya sa akawun majalisa ya buɗe masa jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999. Gina magudanan ruwa da kula da su, kwashe shara, titunan cikin gari, kasuwanni da tashoshin mota, da shiga harkar noma da albarkatun ƙasa, duk an jera su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ba zai ga kalmar sauyin yanayi a jerin ba, amma duk inda sauyin yanayi yake damƙar talaka yana ciki.

Daga nan zai koma kan rashin kuɗi, na san waƙar. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, wannan kowa ya sani. To ko ta wace hanya kuɗin suka biyo, kasafin ƙaramar hukuma sai ya ratsa ta gaban kansiloli, kuma cikin abin da ake rabawa duk wata akwai kason asusun kula da muhalli, wanda aka kafa tun 1981 saboda zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada. Wanda ya ɗaga hannu aka zartar da kasafi, ya karɓi alawus ɗin zama, ba shi da bakin cewa ba huruminsa ba ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya cikin wasiƙarka, wato amsar da kuka samo a sakatariya. Kun kai kukan ruwa, an ba ku labarin itace, kuma na tabbata wasu daga cikinku sun dawo gida da ɗan sanyi a rai. Wannan fahimta, cewa shirin tunkarar sauyin yanayi shi ne dashen itace, da an dasa an gama, ita nake faɗa da ita kullum, a bakin ciyamomi, a bakin kansiloli, har a bakin 'yan boko da ya kamata su fi haka sani. Kuma da sashen gandun daji na fara aiki, kada wani ya ce maƙiyin itace ne ke magana.

Wata shekara ina bakin aiki aka tura ni cikin watan Afrilu in ƙirgo abin da ya rayu a wani fili da aka yi bikin dashe, a wata ƙaramar hukuma da ba sai na kama suna ba. Allon aikin yana nan tsaye, fentinsa ko ƙwarzane bai yi ba. Muka bi layin ramuka ni da wani dattijo mai gona a gefen filin. Ya sa sandarsa ya tone ɗaya, sai ga baƙar ledar raino naɗe da busasshiyar saiwa. Yaran da aka ɗauko aikin yini ko yage ledar ba su yi ba. Na ce, “Baba, yaushe aka dasa?” Ya ce sai da aka fara yankan gero, don an yi ta ɗaga rana ana jiran babban baƙo. Na ce wa ke ban ruwa? Ya yi dariya, ya ce tanka ta zo sau ɗaya, ranar biki. Ana gama kaka aka saki dabbobi, abin da awaki suka rage gara ta ƙarasa. Waɗanda muka samu da rai ba su cika yatsun hannu biyu ba, bedi ne duka, a bakin gonar dattijon, don shi ya kewaye su da ƙayar magarya yana kai musu ruwan alwala. Na rubuta rahoto. Rahoto ya shiga fayil, fayil ya shiga kabad, da shekara ta zagayo aka sake biki a filin nan.

Me ya sa ake son irin wannan aiki haka? Don babu aikin da ya kai shi daɗin ɗaukar hoto, babu kuma wanda ya kai shi wuyar bincike. In an ce an gina kwalbati, mai binciken kuɗi zai je ya taka da ƙafarsa, ya auna faɗi, ya ƙwanƙwasa siminti. In an ce an dasa itace dubu kaza, bayan wata shida akuya ta cinye shaida, fari ya ɗauki laifi, bocar biya kuwa tana nan da sa hannu tsaf. Kansilan da ya je biki, ya riƙe shebur aka ɗauke shi hoto, ya dawo yana ganin ya sa ido. Bai sa ido ba, shaidar zur aka gayyace shi ya yi bai sani ba.

Da asarar kuɗi ce kawai da na yi shiru, an saba. Haɗarin shi ne wannan biki yana kwantar da hankalin mutane daidai lokacin da ya kamata ya tashi. Damina ta canza hali. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya nuna cewa hadari mai ƙarfi, irin mai zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya, yawan aukuwarsa a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Manomi ya riga masu bincike sani: a yi kwana goma sha ba ɗigo har gero ya fara murɗewa, sannan a sauke ruwan makonni cikin dare ɗaya. Mu a jihar nan mun ga abin da dare ɗaya ya yi a Jibiya cikin Yulin 2018, mutum sama da 40 aka rasa. Tsiron da bai kai gwiwa ba me zai tare a irin wannan dare? Ko ya rayu, sai ya yi shekaru kafin ya taimaka wa ƙasa wajen shanye ruwa, shi ma a gona da bayan gari, ba a lungun da aka toshe wa mafita ba.

Malam, ban san unguwarku ba, amma ka tambayi tsofaffi ina kududdufin unguwar yake a da. Inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, nan ruwan lungu-lungu yake taruwa ya huta. Yau a garuruwanmu da yawa an fara da zuba shara, aka bi da tifa-tifa ta marmara, aka yanka fuloti, wani ya kafa shaguna. Mutane har murna suke yi wai an raba su da sauro. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ya zo ya tarar an gine masa gida, sai ya nemi na maƙwabta. Nan ne aikin kansila yake: wa ya ba da izinin cike kududdufin? A dokar mallakar ƙasa ta 1978, filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni yana hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardarsa. Ko wanne ne, akwai sa hannun wani a jikin wata takarda, kuma majalisar kansiloli tana iya zartar da ƙuduri ta nemi a kawo ta, tana iya yin dokar hana gini a kan hanyar ruwa. Ana barin wannan ana zuwa bikin dashe, an bar jaki ke nan ana dukan taiki.

Ban ce a daina dashe ba. Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin ganuwar itatuwa ta Afirka ya ratsa, kuma duk wanda ya ga yadda iskar bazara ke binne shuka a Zango da Baure da Mai'aduwa ya san muna bukatar itace. Amma a yi shi da gaskiya: a dasa da ruwa ya zauna, ba a jira baƙo ba, a kewaye, a san wanda zai yi ban ruwa rani guda, a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai an ƙirga masu rai a watan Afrilu. Ku da ke Daura ma ba sai an kai ku wata ƙasa mai nisa ba. Ku tsallaka Kwangwalam ku ga gawo a gonakin Damagaram. Can da Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture lokacin sassabe, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su yi musu aski su bar su su tashi. Masana sun ƙiyasta hekta miliyan 5 aka farfaɗo da ita ta wannan hanya. Ba leda, ba tanka, ba rumfar biki. Wataƙila shi ya sa ba ta da farin jini a kasafin kuɗi.

Akwai kuma 'yan ci da ceto da suka shigo harkar. Wani zai zo da kwamfuta a jaka, a yi bitar kwana biyu a otal, ya miƙa kundi mai bango mai sheƙi wai shirin ƙaramar hukuma. Na taɓa karanta irinsa, har da babin tashin ruwan teku, a garin da rijiya ke ƙafewa tun watan Maris. Wasu kuma suna yawo ƙauyuka suna sayar da fom, wai Turawa za su biya dala a kan kowane itace. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom kafin ku ga takardar yarjejeniya, ku raka shi bakin hanya.

To me za ku ce a duba? Ku daina zuwa da baki, ku je da takarda. Ƙungiyarku ta rubuta wa shugaban majalisar kansiloli ta hannun akawu, a ba ciyaman da dagaci kwafi, ku tsaya sai an buga muku hatimin karɓa a naku. Ku nemi a nuna muku shirin da aka ce akwai, a rubuce. Ku tambayi nawa aka ware wa yashe magudanai da kwalbatoci a kasafin bana, nawa aka saki, wa aka ba. Itatuwan bara kuma a faɗi filin, ku je tare da kansila ku ƙirga. Ku tambaya ko kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma ya zauna tun da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, ta fitar da hasashen daminar bana, wanda take fitarwa farkon kowace shekara, da kuma ko mazaɓarku tana da wani rabo a shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasa da tunkarar sauyin yanayi, mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja. In aka yi muku kunnen uwar shegu, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan kowane matakin gwamnati.

Kada ku je wa kansila da faɗa. Da yawansu ba mugunta ba ce, babu wanda ya taɓa nuna musu cewa kujerar ta wuce rabon taki da zuwa suna. Ku tuna masa rantsuwa ya yi da Alƙur'ani a hannu, kuma in katanga ta danne yaro a mazaɓarsa, shi zai fara zuwa gaisuwa, ba mutumin Abuja ba. Ku ma liman ya tuna muku cewa wanda ya juye shara a lambatu da dare, yana da kaso a alhakin gidan da ruwa ya ci.

Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, da ya tsagaita, manya biyu ko uku su bi sawunsa da waya, su ɗauki hoton inda ya taru da inda ya rasa mafita, a haɗa da wasiƙa ta biyu. Kafin nan ku zaga gida-gida a unguwar. Duk katangar da ta tsage ko gindinta ya zaizaye, a tallafe ta, a yi mata yaɓe, a buɗe wa ruwa hanya nesa da ita, yara kuma a ɗauke musu shimfiɗa daga ɗakin da ke jikinta tun yanzu.