Amsa: ɗora tayil a kan kankaren tsakar gida

Malam, ka tambaya ko za ka iya ɗora tayil a kan kankaren tsakar gidanka a Gombe. Ƙwarai kuwa, amma in sabon zubi ne, bari ya kwana 28 tukuna. Ka kwara ruwa bokiti guda ka ga inda ya nufa. In ya kwanta, a gyara gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, zuwa magudana.

Don Allah kada ka sayi mai sheƙi irin na falo, santsinsa yakan kayar da yara da tsofaffi da damina. Nemi mai kaushi. Zafin Afrilu kuma yakan sa wanda aka matse ya taso ya fashe, na gani da idona a gidan yayana. A bar 'yar tazara tsakaninsu, a shafe bayan kowanne da siminti kaf.