Tambaya da Amsa: Hoton Munich mai sa hannu, na gaske ne ko jabu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani dillalin kayan tarihi ya tallata mini hoton taron Munich na 1938, wai da sa hannun Chamberlain da na Hitler a ƙasansa. Yaya zan gane sahihancinsa, kuma in na saya yaya zan adana shi? Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka miƙa kuɗi tukuna. A wancan taro na ƙarshen Satumba 1938 ne firaministan Birtaniya Chamberlain da na Faransa Daladier suka zauna da Hitler da Mussolini, aka miƙa wa Jamus yankin Sudetenland na ƙasar Czechoslovakia. Shekara ba ta cika ba, ranar 3 ga Satumba 1939, Birtaniya da Faransa suka shelanta yaƙi da Jamus. Bayar da hoto mai sa hannu kuwa al'adar manyan wancan zamani ce. Lloyd George, tsohon firaministan Birtaniya, da ya ziyarci Hitler a 1936 ya koma gida da irinsa. Sunan abokan gaba biyu a takarda ɗaya shi ke ɗaga farashi, shi kuma ke jawo 'yan damfara.

Fara da takardar. Samo fitilar nan da ake duba jabun kuɗi, ka haska bayan hoton a ɗaki mai duhu. In ya yi ƙyallin fari mai shuɗi-shuɗi, magana ta kusa ƙarewa, don sai a shekarun 1950 aka fara zuba sinadarin ƙara haske a takardar wanke hoto. In bayan ya yi santsi kamar leda, wannan ta ƙarshen shekarun 1960 ce zuwa sama. Wancan sinadarin ƙara haske na cikin abin da ya tona asirin ɗan damfarar Jamus Konrad Kujau a 1983, bayan mujallar Stern ta zuba mak (kuɗin Jamus na lokacin) miliyan 9.3 a kan kundin da ya ce na Hitler ne. Sai dai rashin ƙyalli ba shaida ba ce, domin mai wayo yakan nemo tsohon hoto na gaske ya ɗora sabon sa hannu.

Saboda haka tawadar ce abin dubawa sosai. Biro bai shiga kasuwa ba sai a shekarun 1940, don haka sa hannun biro a hoton 1938 ƙarya ce tsagwaronta. Sa gilashin ƙara girma mai ninki 10, ka karkata hoton wajen taga. Tawadar alƙalami tana zaune a saman hoton, ta yi kauri inda layi ya hau layi. In ka ga ɗigo-ɗigo, ko rubutun ya saje da ƙyallin hoton, bugawa aka yi. Mai kwaikwayo kuma a hankali yake ja, za ka ga rawar hannu da wuraren da ya tsaya. Sannan ka tambayi salsala: wa aka bai wa, ta hannun wa ya biyo? Takardar shaidar da dillalin ya rubuta da kansa ba ta da nauyi.

Batun ajiya, kada ka kai shi a manne shi da leda mai zafi kamar katin shaida. Ba ya warwaruwa, darajarsa kuma ta tafi ke nan. Ban da salatef, ban da gam. Yanayin Kaduna na cin hoto ta fuska biyu: damina ta kawo hunhuna, hunturu ya busar da shi ya naɗe har fuskar ta tsage. Ana son danshi tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Sa shi a aljihun foliyesta, cikin akwati mai murfi da 'yan ƙunshin sinadarin tsotse danshi, a sama nesa da bango saboda gara. Kwafi za ka rataya a falo, don rana na kashe tawada. Kan kula da tsohuwar takarda kana iya neman shawara a Arewa House ko ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, amma tantance sa hannun sai masanin rubutun mutanen biyu.