Tambaya da Amsa: Tsofaffin Abin Huda Katako na Hannu

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni mai koyon kafinta ne, a akwatin kayan aikin marigayi kawuna na samu abin huda katako na hannu guda biyu, ɗaya mai lanƙwasasshen ƙarfe da ake juyawa, ɗayan mai 'yar giya mai haƙora a gefe, duk tsatsa ta ci su. Abokaina sun ce in watsar tunda ga na wuta, ni kuwa sun shiga raina har ina so in fara tara irinsu. Har yanzu suna da amfani? Kuma me zan duba in zan ƙaro wasu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kawu. Kar ka watsar don Allah, kuma kar ka goge su ka rataye a bango kamar hoto, don aiki aka ƙera su.

Mai lanƙwasar nan shi ake kira bires, kuma ya daɗe sosai, tun wajen 1425 ana ganin sa a zanen mutanen Turai. Shi ne na manyan ramuka. Bakinsa mai murɗe, wato ƙarfen da ke yin hudar, yana da ɗan sukuru a tsini, to wannan sukurun shi ke jan bakin cikin katako da kansa, kai naka juyawa ne kawai ba sai ka danna da ƙirji kana nishi ba, in ka ga sai ka danna to sukurun ya toshe ko bakin ya dakushe. Duba gindin bakin za ka ga lamba, kowace ɗaya tana nufin kashi ɗaya cikin 16 na inci, wato 8 rabin inci, 16 inci guda. Mai giyar kuwa na ƙananan ramuka ne, kwata na inci zuwa ƙasa, irin hudar da ake yi kafin a ɗaura sukuru don kar katako ya tsage, kuma a nan ni dai na fi yarda da shi a kan na wuta, saboda hannunka na jin abin da ke faruwa, ka tsaya daidai inda kake so.

Wajen tarawa za ka riƙa jin sunayen kamfanonin da suka ƙera su, Millers Falls na Amurka da aka kafa a 1868, da Stanley, da Yankee na North Brothers wanda Stanley ya saye a 1946, sai na Sheffield a Ingila masu katako da tagulla. Duk masu kyau ne amma kar suna ya rufe maka ido. Buɗe muƙamuƙin da ke riƙe baki ka ga ko ya cinye ko sifirin ɗinsa ya ɓace, juya giyar ka ga ko akwai haƙorin da ya karye, sa baki ka juya ka ga ko yana rawa. Tsatsar sama ba komai ba ce, samfefa mai laushi da ɗan mai sun ishe ta. Bakin da sukurunsa ya cinye kuwa bar shi inda ka gan shi, ba ya gyaruwa.

Abu ɗaya da nake roƙonka, in za ka wasa baki da ƙaramin magagari, kunnuwa biyu masu kaifi da ke gefen tsinin bakin ta ciki kaɗai ake wasa su, ka taɓa waje ka rage faɗinsa, daga nan sai ya riƙa cijewa a rami. Sannan in kana huda, da zarar tsinin ya leƙo ta baya ka tsaya, juya katakon ka ƙarasa ta ɗaya gefen, ramin zai fito tas ba ɓantarewa. Gwada a guntun katako tukuna kafin ka kai kan aikin mutane.