Ɗana ya warke daga sanƙarau, amma ya daina amsa kira

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 3 ya yi sanƙarau wata biyu da suka wuce, Allah ya ba shi lafiya. To tun da aka sallamo mu, in na kira shi ta baya ba ya waiwayowa, surutunsa ya ragu, tafiya ma yana tangaɗi. Kakarsa ta ce jiki ne bai gama dawowa ba, mu riƙa ɗiga masa man zaitun a kunne. Mu jira? — Wata uwa daga Gusau

Amsa: Sannu da jinya, Malama, Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ku jira. A kai shi gwajin ji cikin makon nan.

Can cikin kunne, bayan tantanin da ke karɓar sauti, akwai wani ɗan ƙashi a naɗe kamar dodon koɗi, cike da ruwa da wasu ƙananan gasu. Su ne ke miƙa sauti ga jijiyar ji. Ƙwayar cutar sanƙarau kan gangaro daga ruwan ƙwaƙwalwa ta shiga wurin ta lalata gasun nan, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Abin da ke daidaita tafiyar mutum maƙwabcinsu ne, shi ya sa tangaɗin da kika faɗa ya fi ja min hankali. Man zaitun kuwa iyakarsa ramin kunne na waje, ba zai kai inda matsalar take ba. Kaka ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma a ajiye shi.

Dalilin gaggawar shi ne, bayan sanƙarau cikin dodon koɗin nan kan fara cikewa da ƙashi, wani lokaci cikin 'yan makonni. In jin ya tafi gaba ɗaya, abin da ke iya dawo da shi shi ne na'urar da ake dasawa ta hanyar tiyata, kuma wayarta sai ta samu hanyar shiga. In ƙashi ya toshe hanyar, aikin ya yi wuya ƙwarai. Ba zan ɓoye miki ba, kuɗin dashen miliyoyin naira ne. Amma ba kowane yaro ke kaiwa can ba. Wani kunne ɗaya ne ya taɓu, wani jin ne ya ragu, na'urar ƙara ji da ake maƙalawa a bayan kunne ta wadatar. Wani ma ruwa ne ya taru a bayan tantani, wanda ke da magani.

Gwajin gida yana ruɗar iyaye. Ki tafa hannu ya juyo, ki ce ai yana ji, alhali inuwarki ya gani ko iska ya ji a wuya. A asibiti akan manna wa yaro wayoyi a kai yana barci, na'ura ta auna yadda jijiyar ke amsa sauti, babu zafi. Ki nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki tafi da katinsa da sunayen alluran da aka yi masa, domin wasu, irin su jentamaisin, su ma kan taɓa ji.

Kafin nan, kada gida ya yi masa shiru. Yaro ɗan shekara 3 da ya daina ji kan zubar da kalmomin da ya riga ya koya. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ya ga bakinki cikin haske, ki yi magana a hankali ba tare da ihu ba, kina nuna abin da kike nufi. In ya fara yi miki maganar hannu, ki amsa masa, ba ta hana baki buɗewa. Ki kuma gargaɗi yayyensa su riƙe hannunsa a bakin titi, don babur zai iya zuwa ta bayansa bai ji ba.